Sauri ko Dabara: Nazarin Ƙarfin Manhajojin Darar Ces a Wayar Hannu da Kwamfutar Cinya

Tsakure

Wannan maƙala tana ƙalubalantar ra'ayin da ke auna ƙarfin manhajar darar ces da saurin na'urar da take aiki a kanta. Ta dogara da sakamakon wasannin da aka buga daga 1997 zuwa 2020, ta kuma nuna cewa akwai tazara tsakanin waya da kwamfutar cinya, amma ba ta kai tazarar da ke tsakanin tsohuwar manhaja da sabuwa ba.

Gabatarwa

Masu koyon ces da yawa ba su yarda da shawarar wayarsu ba sai sun tabbatar da ita a kwamfuta. Hujjarsu ita ce kwamfuta ta fi sauri, don haka ta fi gani. Cewa ta fi sauri, babu gardama. Cewa saurin ne ke yanke hukunci, nan ne maganar ke buƙatar gyara.

Waiwaye

Tushen wannan ra'ayi shi ne gwajin da Ken Thompson ya yi da na'urarsa Belle a 1982, inda ya gano cewa ƙarin taku ɗaya na hangen gaba yana kawo maki kusan 200 a ma'aunin Elo. Daga baya David Levy da Monty Newborn suka kiyasta cewa duk ninkin sauri yana ƙara maki 50 zuwa 70. Ba ni da jayayya da waɗannan masana. Jayayyata tana tare da masu ɗauko alƙalumansu su manta da sharaɗin da ke ƙarƙashinsu: Thompson ya haɗa manhaja ɗaya ce da kanta, komai iri ɗaya in ban da zurfin hange. Da zarar an sauya manhajar, ƙa'idar ba ta da abin faɗa. Haka kuma gwaje-gwajen Ernst Heinz a wajajen 2000 sun nuna cewa ribar zurfi tana raguwa yayin da ake ƙara nutsewa, abin da masu wannan ra'ayi ba su cika ambata ba.

Hanyar Bincike

An kwatanta yawan zubin da kowace na'ura ke dubawa a daƙiƙa, wato tsarin 'ya'yan dara a kan allo, da sakamakon da ta samu, sannan aka gwada ƙa'idar ninki a kansu.

Sakamako

A watan Mayun 1997, a birnin New York, Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov da ci 3½ da 2½. Tana duba zubi kusan miliyan 200 a daƙiƙa. A 2006 kuma, a birnin Bonn na Jamus, Deep Fritz ta doke Vladimir Kramnik 4 da 2 a kan kwamfutar da ake samu a kasuwa, da saurin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na Deep Blue ba.

Babbar shaida ita ce gasar Copa Mercosur da aka yi a Buenos Aires ta Ajantina a 2009. Pocket Fritz 4, wadda injin HIARCS 13 na Mark Uniacke ke cikinta, ta shiga gasar a kan wayar HTC Touch HD mai saurin megahaz 528. Ta ci wasa tara, ta yi canjaras ɗaya, ta tashi da 9½ cikin 10, ƙimar ƙoƙarinta ta kai 2898. Abin da take dubawa bai kai zubi 20,000 a daƙiƙa ba.

A dubi wannan lissafi da kyau. Deep Blue ta fi wayar sauri sau dubu goma, wato ninki goma sha uku da ɗoriya. Ko da an ɗauki ƙaramin kiyasi na maki 50, ya kamata wayar ta kasance ƙasa da Deep Blue da maki 650 ko fiye. Tunda Deep Blue ta kara da mai maki kusan 2800 kafaɗa da kafaɗa, ke nan wayar ba za ta wuce 2150 ba, matakin da ƙwararrun da ke gasar za su ci ta ba wuya. Ba haka ta faru ba. Abin da ya cike giɓin shi ne sassabe: manhajar ta iya yanke rassan da ba su da amfani tun kafin ta ɓata lokaci a kansu, ta kuma fi iya kimanta zubin da ta tsaya a kai. Manomin da ya san inda albarka take ba sai ya nome dajin duka ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan. A 2017 AlphaZero ta DeepMind ta rinjayi Stockfish 8 tana duba zubi 80,000 a daƙiƙa, abokiyar karawarta kuwa miliyan 70. A Satumban 2020 Stockfish 12 ta rungumi tsarin NNUE, wanda Yu Nasu ya ƙirƙira don darar shogi ta Japan. Saurinta ya ragu, ƙarfinta ya ƙaru.

To, ina fifikon kwamfutar cinya? Idan manhaja ɗaya ce a duka biyun, kuma aka ƙaddara kwamfutar ta fi sauri sau huɗu, ninki biyu ke nan, maki 100 zuwa 140, abin da ke nufin kashi 64 zuwa 69 cikin ɗari na makin wasa. Waya tana rage gudu idan ta yi zafi, kuma ba kowace waya ce ke da wurin ajiye rumbun Syzygy na ƙarshen wasa mai 'ya'ya shida, wanda ya kai kusan gigabait 150, ba. Ga mai shirya buɗe wasa na tsawon sa'o'i, wannan bambanci yana da tasiri. Ga ɗan'adam da ke zaune gaban allo kuwa, wanda mafi girman makin da aka taɓa samu shi ne 2882 na Magnus Carlsen a 2014, duka biyun sun yi masa nisa.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa wasa goma ba su da yawa, kuma matsakaicin makin 'yan gasar Buenos Aires bai wuce 2400 ba, don haka 2898 na iya kumbura. Manhajoji ma ba hanya ɗaya suke ƙirga zubi ba. Amma ko an zabtare maki 200, giɓin da ƙa'idar ninki ta kasa bayyanawa yana nan.

Wannan batu ya wuce ɗakin bincike, domin waya mai irin wannan ƙarfi na iya zama kayan maguɗi a gasa. An kama Gaioz Nigalidze da na'urar hannu a banɗaki a gasar Dubai ta 2015, an kama Igors Rausis da waya a Strasbourg a 2019, kuma dukansu sun rasa muƙaminsu na babban gwani. Ina kira ga alƙalan gasa, har da na ƙananan gasannin makarantu, su karɓe kowace waya a bakin ƙofa, komai tsufanta.