Sunkuyar da Tuta Daban, Sauke Ta Daban

'Yan'uwa matasa, mu a nan Gazara, daga Ikara zuwa Makarfi da Kudan, ba mu da teku, amma mun san tuta tun muna firamare. Akwai wata tsohuwar al'adar matuƙan jiragen ruwa da za ta haska mana tarihinmu.

A teku, saukar da tuta iri biyu ne. In jirgin 'yan kasuwa ya gifta jirgin yaƙi, sai ya sunkuyar da tutarsa kaɗan, na yaƙin ya amsa, kowa ya mai da tasa sama. Wannan gaisuwa ce. Amma in ana cikin faɗa jirgi ya sauke tutarsa gaba ɗaya, ya miƙa wuya ke nan, sai abokin gaba ya tsai da wuta. Abin ba wasa ba ne. A watan Mayu 1652, kusa da Dover, jiragen Holan ba su yi gaisuwar da na Ingila suka nema ba. Aka buɗe wuta, yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu.

Da wannan fahimta Turawa suka shigo ƙasarmu ta kogin Kwara. Ran 1 ga Janairu 1900, a Lokoja, aka sauke tutar kamfanin Royal Niger, aka ɗaga ta Ingila a gaban Lugard. Ma'anar a fili take: iko ya canza hannu.

Sun tarar da mutanen da su ma suka san nauyin tuta, don da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne Malam Musa ya ci Zazzau. Ran 15 ga Maris 1903, a Sakkwato, bayan yawancin mayaƙa sun janye, wasu kaɗan suka kewaye tutar Sarkin Musulmi Attahiru, suka ƙi barin ta har aka kashe su. Shi kuwa Waziri Buhari, sulhu ya zaɓa don kada jama'ar gari su halaka. Shekara 57 bayan haka, a daren shiga 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila a Legas, kore-fari-kore ta hau.

Ina darasinmu? Da yawa cikinmu mun cakuɗa abubuwan nan biyu. Saurayi yana ganin in ya riga ba da haƙuri, ko ya gai da maƙwabcin da suka saɓa, ya faɗi ƙasa. A'a, sunkuyawa ce kawai, tutar za ta koma sama. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma ranar da muka sayar da ƙuri'armu, ko muka yi shaidar zur don tsoro, ranar ce muka sauke ta, ko da kanmu yana sama.

Mu yawaita sunkuyawa, 'yan'uwa. Saukewa kuwa, mu san a gaban wa.