Alamar da Aka Rage: Yunƙurin Buɗe Ƙofar Baya a Linux a 2003

Duk wayar Android da ake tura kuɗi da ita a kasuwar Ngong ko cikin birnin Garwa, kanel ɗin Linux ne ke aiki a ƙarƙashinta, wato zuciyar manhaja wadda ke yanke hukuncin wanda zai taɓa wani fayil da wanda za a hana. Linux na bai wa kowane mai amfani lamba. Sifili lambar mai cikakken iko ce, wanda ba a rufe masa ƙofa.

A ranar 5 ga Nuwamba 2003, Larry McVoy, mai kamfanin BitMover, ya lura da wani baƙon sauyi. A lokacin, ainihin rubutun kanel yana ajiye ne a BitKeeper, manhajar kamfaninsa, ana kuma kwafarsa zuwa wata ma'ajiya ta CVS domin masanan da ba sa son aiki da manhajar da ba a buɗe take ba. Kowane sauyi a CVS yakan zo da shaidar asalinsa a BitKeeper. Wannan bai zo da komai ba. Wani ne ya kutsa ya rubuta shi kai tsaye.

Layi biyu kacal aka ƙara a aikin wait4, cikin fayil ɗin kernel/exit.c. Ga mai karatun gaggawa, sun yi kama da binciken izini na yau da kullum: idan an haɗa wasu zaɓuka biyu, __WCLONE da __WALL, kuma mai kiran shi ne mai lamba sifili, a ƙi buƙatar. Sai dai a harshen C, alamar == tambaya take yi, alamar = kuwa naɗi take yi. Mai kutsen ya rubuta current->uid = 0. Maimakon kanel ya tambaya ko wannan mai iko ne, sai ya naɗa shi. Kuma da yake C na ɗaukar sifili a matsayin "a'a", sharaɗin kan faɗi, ba a nuna kuskure, aiki ya ci gaba shiru. Har baka biyu aka zagaye wurin da su, abin da ke hana manhajar harhaɗawa yin gargaɗi. Da wuya a kira wannan tuntuɓen alƙalami.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba, domin gurɓatar ba ta taɓa kaiwa BitKeeper ba, balle Linux 2.6.0 da ya fito a Disamban shekarar. Har yau ba a bayyana wanda ya aikata ba.

A 2009, cikin Linux 2.6.29, aikin David Howells ya kwashe lambobin izini zuwa wani tsari na daban mai suna cred, wanda ake karantawa amma ba a rubutu a kansa kai tsaye. Mai son sauya lamba sai ya shirya sabon kwafi, ya miƙa ta hanyar commit_creds. Layin nan na 2003, da za a sake rubuta shi yau, manhajar harhaɗawa ba za ta karɓe shi ba.