Ilimin Tarihi da Darasin Lugu

Bahaushe ya daɗe da raba labari kashi-kashi. Tsohuwa in za ta yi wa jikokinta tatsuniya sai ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", kowa kuma ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa taka ƙasa ba. Maroƙi in ya tsaya ƙofar fada yana jero sunayen sarakuna, ana sauraren sa da wani kunne dabam, domin abin da yake faɗa ya faru, sai dai ya sha ado. Malami kuwa in ya buɗe kundi ya ce sarki wane ya yi shekara kaza bisa gado, ya shiga fagen da ake kira tarihi. Kalmar daga Larabci muka aro ta, asalin ma'anarta kuwa ƙayyade lokacin da abu ya auku. Ke nan tun daga sunansa wannan ilimi yana neman a ce yaushe, a ina, kuma wa ya shaida.

Aikin masanin tarihi bai tsaya ga tara labarai ba. Yakan ɗauki kowane labari ya aza shi bisa ma'auni: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, da idonsa ya gani ko ji ya yi, wa yake son ya ji, me zai samu in an yarda da shi? Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya kafa wannan ƙa'ida cikin Muƙaddimarsa ta 1377. Ya tarar marubuta suna ta kwafar cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600 000, sai ya auna adadin da faɗin ƙasar da kuma ƙarancin kakannin da ke tsakanin Annabi Yakubu da Annabi Musa, ya nuna lissafin bai ɗauku ba. Abin da ya koyar shi ne, yawan masu maimaita magana ba ya mayar da ita gaskiya.

Don mu ga yadda wannan ma'auni yake aiki, ba sai mun tafi nesa ba. Mu ɗauki abin da kowane ɗan lakwal na Nijar ya taɓa ji: yaƙin Lugu.

A farkon 1899 wata runduna ta Faransa, ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tabkin Cadi. Turawan cikinta ba su kai goma ba. Sauran sojoji ne baƙar fata, da ɗimbin ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata. Ba su ɗauko guzurin da zai ishe su ba, sai suka riƙa ci daga rumbunan mutane, garin da ya ƙi kuwa a sa masa wuta. Ran 16 ga Afrilu suka auka wa Lugu, a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, inda Azna suka tare su da baka da kibiya. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Ran 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe kanal Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine sannan Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, gabas da Tasawa. Ragowar rundunar ta ci gaba, ta shiga Damagaram a ƙarshen watan.

Wannan shi ne ƙashin labarin. To, ta ina muka san shi? Ta hanyoyi uku, kowace da halinta.

Ta farko takardun Turawa ne: rahotannin soja, da wasiƙu, da littafin da Joalland, ɗaya daga hafsoshin rundunar, ya fitar a 1930. Amfaninsu babba ne, domin su ke ba mu rana da wata da sunan zango. Amma wanda ya rubuta su yana kare kansa ne gaban manyansa. Yana ƙidaya harsashin da ya harba da sojansa da ya mutu, ba ya ƙidaya waɗanda ya kashe da suna. A cikinsu Sarauniyar Lugu ba ta samu fiye da ƴan layuka ba, an kwatanta ta da tsohuwar matsafiya. Binciken da hukumar Faransa ta buɗe an rufe shi a 1902, aka jingina laifin ga haukan da zafin ƙasa ya jawo wa hafsoshin biyu. Mai karatu da lura zai tambaya: in hauka ne, me ya sa aka riƙe ƙasar da mahaukatan suka ci?

Ta biyu bakin dattawa ne. A Lugu, Sarauniya sunan sarauta ne na addinin gargajiya, mata suna gadonsa ɗaya bayan ɗaya tun kafin zuwan Nasara, kuma bai yanke da yaƙin ba. Wannan kaɗai ya isa ya gyara kuskuren mai zaton mace guda ce ta taɓa ɗaukar sunan. Dattawan garuruwan da rundunar ta ratsa sun riƙe abin da takarda ta zubar: inda aka ɓuya, rijiyar da aka bari, dangin da aka kora ba su komo ba. Sai dai baki ma yana da nasa rauni. Ba ya riƙe kwanan wata, yakan haɗe aukuwa biyu su zama ɗaya, kuma kowane gida yana son a ce kakansa ne ya tsaya ranar da wasu suka gudu.

Ta uku aikin masu hikima ne. Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Su suka fitar da sunan Sarauniya duniya, kuma mun ci bashinsu. Amma ƙagaggen labari yana da izinin da tarihi ba shi da shi: ya sa wa mutane maganar da ba wanda ya ji, ya cike giɓi da tunanin marubuci. Matsalar tana tasowa ne sa'ad da ɗalibi ya kalli fim ya ɗauka shaida ce, ko kuma matashi ya tafi Lugu neman labari aka maimaita masa abin da aka ji a rediyo.

Masanin tarihi ba ya jefar da ko ɗaya cikin ukun. Yakan jera su, inda suka dace ya ƙarfafa zatonsa, inda suka saɓa ya nemi dalilin saɓanin, inda duka suka yi shiru ya ce nan iyakar abin da aka tabbatar. Sannan ya wuce ga tambayar da ta fi nauyi, wato dalili. Me ya kawo rundunar ta wannan hanya? Ran 14 ga Yuni 1898 Faransa da Ingila sun sa hannu a Paris kan yarjejeniyar da ta zana da'ira mai nisan kilomita 160 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransa arewa mai ƙarancin ruwa. Neman rijiya da hatsi yana cikin abin da ya karkato da rundunar kudu, cikin garuruwa masu jama'a. Wannan matsalar ce kuma ta sa aka sake zana iyakar a 1904 da 1906. Layin da ya raba Maraɗi da Katsina, ya raba Ƙonni da Illela, daga irin wannan ciniki ya fito. Wanda ya san haka ya san iyakar tana da ranar haihuwa, zumuncin da ke ƙetare ta kuwa ya girme ta.

Nan amfanin tarihi yake. Yaron da aka koya wa tambayar "wa ya faɗa, don me ya faɗa" game da rahoton Voulet, gobe zai yi wannan tambaya game da saƙon da ya shigo wayarsa da jawabin mai neman ƙuri'arsa. Al'ummar da ta iya auna labarin kakanninta ba a saurin zuga ta da tsohuwar gaba, ba a kuma raina mata hankali da cewa ba ta da abin tunawa kafin zuwan Bature. Manyanmu sun riga sun share hanya: Boubou Hama ya ba da ransa ga tattara al'adun baka, André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, Djibo Hamani ya rubuta na Adar a 1975, cibiyar CELHTO tana Yamai tun 1968 don wannan aiki.

Saura namu, malamai da ƙungiyoyin al'adu. Waɗanda suka ga 1899 da idonsu sun tafi, ƴaƴansu ma haka. Amma waɗanda suka ga ambaliyar da ta sa Maraɗi ta hau tudu a 1945, da aikin tilas, da ranar 3 ga Agusta 1960, da farin 1973 da na 1984, wasunsu suna nan zaune ƙarƙashin inuwa. A aiki ɗalibai wurinsu da alƙalami da na'urar ɗaukar murya. A rubuta sunan mai magana da shekarunsa da garinsu da ranar hirar, a tambaye shi ko gani ya yi ko ji, a kuma nemi bakin mutum na biyu kafin a yanke. Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana, amma mai waiwaye sai ya buɗe ido da kyau, don ya bambanta sawun da aka taka da wanda aka zana masa.