Tambarin Ɗorewa a Kiwon Kifi: Nazarin Abin da Takardar Shaida Ke Iya Gyarawa

Tsakure

Wannan maƙala ta auna tasirin takardun shaidar ɗorewa da ƙungiyoyi masu zaman kansu ke bai wa gonakin kifi. An nazarci ƙa'idojin uku daga cikinsu, wato ASC da BAP da GlobalG.A.P., aka gwada su da abin da ya faru a Biyetnam da Tasmaniya da Norwe. Nazarin ya gano cewa takardar tana gyara aiki a cikin gona ɗaya, amma ƙarfinta kan ragu idan ɓarnar ta shafi ruwan da gonaki da yawa ke tarayya a kansa.

Gabatarwa

Alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2022 kiwo ya samar da tan miliyan 94.4 na dabbobin ruwa, kashi 51 cikin ɗari na jimillar duniya. Karo na farko ke nan da abin da aka kiwata ya zarce abin da masunta suka kamo. Wannan bunƙasa ta zo da gurɓatar ruwa da yawan magani da sare itatuwan mangurof na bakin teku domin haƙa tafkunan jatan lande. Daga nan manyan kantunan Turai da Amurka suka fara neman shaida daga masu kawo musu kaya. Asusun WWF da ƙungiyar IDH ta ƙasar Holan suka kafa ASC a 2010.

Yadda tsarin ke aiki

Mai gona ne ke biyan kamfanin bincike. Jami'in kamfanin kan zo ya buɗe kundin gona, ya ga buhu nawa na abinci aka zuba, kifi nawa ya mutu, wane magani aka ba su, ya duba ruwan da ke fita daga tafki, ya gana da ma'aikata. A nan amfanin tsarin yake a fili: gonar da a da ba ta rubuta komai, yanzu tana da lissafin da za a kama ta da shi. Ƙa'idar ASC ta jatan lande ma ta haramta shaida ga gonar da aka sare mangurof domin gina ta bayan watan Mayu na 1999. Sai dai tunda wanda ake bincika shi ke zaɓen mai bincikensa yana biyansa, dole a sa ido kan amanar sakamakon.

Sakamako da tattaunawa

Matsala ta farko ita ce wa tsarin ya kai gare shi. Simon Bush da abokan aikinsa sun ƙiyasta a mujallar Science a 2013 cewa kashi 4.6 cikin ɗari kacal na kiwon duniya ke da shaida. Fiye da kashi 90 na kiwon a Asiya ake yin sa, galibi don kasuwar gida, inda mai saye ba ya tambayar tambari. Haka abin yake ga mai kiwon tarwaɗa a Najeriya: dillalin da ya zo bakin tafki da sikeli, nauyi da farashi kawai yake tambaya.

Matsala ta biyu ita ce wa ke cin riba idan tsarin ya iso, kuma Biyetnam ta nuna hakan. A 2010 WWF ta sa kifin fangasiyus na yankin Mekon cikin jerin waɗanda ta shawarci Turawa su ƙaurace musu, sannan ta janye bayan yarjejeniya da masu fitar da shi kan neman shaida. Manyan kamfanoni masu gona da masana'antar sarrafawa a hannu ɗaya su suka fi iya ɗaukar kuɗin bincike da ma'aikatan rubuta kundi. Ƙaramin manomi mai tafki ɗaya ko biyu, ko da aikinsa na da tsabta, kuɗin ya fi ƙarfinsa in ba ya shiga ƙungiya ba. Abin takaici ne tsarin da aka gina da sunan adalci ya zama shinge a gaban mai ƙaramin ƙarfi.

Matsala ta uku ta fi zurfi. A mashigin Macquarie na Tasmaniya iskar oksijin ta ragu a ƙasan ruwa bayan faɗaɗa kejin kifin samon, har wani kifi mai suna Maugean skate, wanda nan ne mafakarsa, ya ƙara faɗawa cikin barazanar ƙarewa, alhali akwai gonaki masu shaida a wurin. Kowace gona na iya cika ƙa'idarta, amma kashin kifi da ragowar abincin dukkansu a ruwa ɗaya suke taruwa. Haka garin kifin da masana'antun Muritaniya da Senegal da Gambiya ke niƙawa daga ƙananan kifayen da talakawa ke ci, domin abincin kifin gona: illarsa tana nesa da tafkin da jami'i ya duba.

Norwe kuwa ta nuna inda mafita take: ta rage maganin kashe ƙwayoyin cuta a kiwon samon da kusan kashi 99 daga ƙololuwarsa ta 1987, kuma allurar rigakafi da dokar hukuma ne suka yi wannan aiki tun kafin a kafa ASC. A 2017 ta raba gaɓarta yankuna 13, ta ɗaura izinin ƙara kiwo a kan yawan kwarkwatar teku da ke addabar kifin daji a kowane yanki. Wannan maƙala na kira ga hukumomi da su riƙa ƙayyade yawan kiwon da kowane tafki ko mashigi zai ɗauka kafin su ba da lasisi, domin babu ƙungiya mai tambari da ke da wannan iko.