Shayarwa a yankin gubar dalma: Abin da ya kamata ma'aikacin lafiya ya sani

A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitocin sa-kai ta Médecins Sans Frontières ta gano cewa ƙananan yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara.

Bincike ya nuna cewa gubar dalma ce, wadda ta fito daga ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 ne suka rasu.

Sunke na cikin ƙauyukan da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsu tsakanin 2010 da 2011, kamar Dareta da Abare da 'Yargalma.

To sai dai kwashe ƙasa ba ya fitar da dalmar da ta riga ta shiga jikin uwa. Wannan ne ya sa ungozoma ko malamin asibiti a irin wannan yanki ke bukatar amsar wata tambaya: shin irin wannan uwa za ta ci gaba da shayarwa?

Yadda gubar ke kaiwa ga jariri

Akasarin dalmar da ke jikin babban mutum tana taruwa ne a cikin ƙashi, inda takan yi shekaru da dama.

A lokacin goyon ciki da shayarwa, jiki kan ɗebo sinadarin kalsiyam daga ƙashi, dalmar kuma sai ta biyo shi zuwa cikin jini. Daga nan takan ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi.

Tana iya haddasa ɓari, ko hawan jini ga mai ciki, ko haihuwar bakwaini, kana ta yi lahani ga ƙwaƙwalwar yaro.

A daina shayarwa?

A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a, domin dalmar da ke shiga ruwan nono kaɗan ce idan aka kwatanta da wadda ke cikin jinin uwa.

A ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2010, uwa za ta ci gaba da shayarwa matuƙar dalmar jininta ba ta kai maikirogiram 40 a kashi ɗaya cikin goma na lita ba. Idan ta kai, sai ta riƙa tatsewa tana zubarwa har gubar ta ragu.

Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da haka. Cire jariri daga nono bisa zato, a ƙauyen da ruwa mai tsabta ke wuya, na iya jefa shi cikin gudawa da tamowa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawarar a riƙa bai wa irin waɗannan mata ƙarin kalsiyam.

Ana kuma gargaɗi kan sa wa jarirai kwalli, saboda wani nau'insa na ƙunshe da dalma.

Sauran matsalolin shayarwa

A ƙarƙashin shirin asibitoci masu kyautata wa jarirai, wanda WHO da UNICEF suka ƙaddamar a 1991, wajibi ne ma'aikatan ɗakin haihuwa su sami horo kan shayarwa.

Ana koya musu cewa a ɗora jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa, a ba shi dakashi maimakon a zubar, sannan nono zalla har watanni shida, ba tare da ko ruwa ba.

Tsagewar kan nono da kumburinsa galibi kan samo asali ne daga rashin kamawa da kyau. Ya kamata jariri ya buɗe baki sosai, haɓarsa ta taɓa nonon, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan.

Idan uwa ta ce nononta ba ya isa, sai a duba nauyin yaron da yawan fitsarinsa, a kuma ƙara yawan shayarwa, domin tsotso ne ke kawo ruwan nono.

Tun da mata da yawa a karkarar Zamfara a gida suke haihuwa, wannan ilimi ba zai yi tasiri ba sai ya kai ga ungozomomin gargajiya da kakanni, waɗanda maganarsu ce ake ji a ɗakin mai jego.