Yadda masana suka yi yaƙi da jijjiga a binciken sanyi

Jama'a, duk lokacin da aka tado maganar kayan bincike a jami'o'inmu, kuɗin na'ura kawai ake lissafawa. Ni kuwa ina ganin akwai abin da ya riga na'urar, wato inda za a girke ta. Bari in kawo tarihi.

A 1908 Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden a Holan ya mayar da iskar heliyom ruwa, a sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. A 1911 ya gano cewa a irin wannan sanyi lantarki na ratsa ƙarfen makuri ba tare da wata turjiya ba. Daga nan masana suka shiga tseren sanyi.

To amma heliyom akwai tsada, ga shi yana tsiyayewa. A 1964 Gifford da Longsworth a Amurka suka fito da na'urar sanyaya da ke tura iska tana janyowa cikin bututu, kuma jikokinta ne ke aiki a yawancin ɗakunan bincike yau. An rage wahalar heliyom, sai ga wata: na'urar tana bugawa kamar zuciya, kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Jijjigar nan takan koma zafi, ta kuma kaɗa wayoyin awo su ba da sakamakon ƙarya.

Mu a Miga mun san wannan. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin ban-ruwa a fadama ya ji yadda ƙasa ke rawa, shi ya sa wasu ke ɗora shi kan tsohuwar taya. Dabarar ɗaya ce: raba mai jijjiga da abin da kake son ya natsu.

A Japan, masu gwajin KAGRA sun shige ƙarƙashin dutse a Kamioka, suka rataye madubansu kamar lilo a kan lilo, suna janye zafi ta lallausan wayoyin alminiyom. A Gran Sasso ta Italiya, masu gwajin CUORE sun daidaita bugun na'urorinsu yadda jijjigar wannan ke kashe ta waccan.

Ga Jami'ar Sule Lamido nan a Kafin Hausa, ga ta Tarayya a Dutse, 'ya'yanmu na karatun kimiyya. Shawarata ga duk mai gina ɗakin bincike: a nisanta janareto da titin manyan motoci, a zuba wa teburin awo harsashinsa daban, a tuntuɓi malaman fannin kafin ɗan kwangila ya haƙa rami. In ba haka ba, a sayi na'urar miliyoyi tana ba da awon banza.

Allah Ya sa mu dace.