Ɓawon da Ya Kayar da Chinook a Mannheim

Kafin matuƙin jirgi mai saukar ungulu ya hau kujerarsa, sai ya zagaya jirgin a ƙasa. Ya ɗaga kai ya dubi fikafikan farfela ko akwai tsaga, ya leƙa ma'aunin mai, ya shafa ƙarƙashin injin ko zai ji ɗigo, ya cizge jajayen ƙyallayen da aka rataya a duk inda aka toshe ko aka ɗaure. A filin wasan jirage, inda dubban mutane suka zuba masa ido suna jira, wannan zagaye ne ya fi fuskantar barazanar gaggawa.

Al'adar rubuta abubuwan dubawa a takarda ta samo asali ne daga ranar 30 ga Oktoba 1935, a filin Wright da ke jihar Ohayo ta Amurka. Sabon jirgin yaƙin Boeing, samfurin 299, ya tashi an manta ba a kwance makullin da ke riƙe jelarsa don kada iska ta kaɗa ta ba. Ya miƙe sama, ya rikito, Manjo Ployer Hill ya rasu. Gwani ne, mantuwa ce kawai. Daga nan matuƙa suka koma bin jeri, layi bayan layi.

Amma ni labarin Mannheim ya fi tsaya mini a rai, don ya nuna iyakar abin da idon matuƙi ke iya gani. Ranar 11 ga Satumba 1982, wannan birni na Jamus yana bikin cika shekara 375, aka shirya wasan jirage. Wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Chinook na sojan Amurka ya ɗauki masu dirowa da laima, cikinsu har da baƙi daga Birtaniya da Faransa. Suna sama matuƙin ya ji alamar matsala, ya juyo zai sauka. Bai kai ba. Jirgin ya wargaje a iska, ya faɗa kan babban titin mota, mutum 46 da ke ciki babu wanda ya tsira.

Chinook farfela biyu gare shi, gaba da baya, kuma fikafikansu suna ratsa juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Wani dogon ƙarfe ne ke haɗa giyar gaba da ta baya don kada su yi karo. Masu bincike suka buɗe giyar gaba, suka tarar ƙananan hanyoyin da ke fesa wa boris mai sun toshe. Da me? Da niƙaƙƙen ɓawon wani ɗan itace, walnat, wanda kanikawa ke fesawa su kankare datti daga sassan ƙarfe idan an kwance su don gyara. Ba a fitar da shi duka ba. Boris ya bushe ya ƙone, jituwar farfelolin ta ɓace, fikafikai suka sari juna.

Ko sau goma matuƙin ya zagaya jirgin da safiyar nan, ba zai ga ɓawon ba. Ma'aunin mai zai nuna masa cike. Laifin yana can a wurin gyara, tun kafin ranar biki. Sojan Amurka suka dakatar da tashin jiragensu na Chinook har sai da aka bi giyoyinsu aka duba.